Shaihu Umar: wa ya biya kuɗin haƙurin malam?

Ƴan uwa, yawancinmu da muka bi ta lakwal mun san yadda ake warware littafin Faransanci. Mushe ya koya mana mu nemo jigo, mu nemo alama, mu rubuta shafi huɗu kan abin da marubuci ke nufi da dare ko da kogi. Amma in aka miƙo mana littafin Hausa, sai mu karanta shi kamar tatsuniya, mu ce "darasinsa shi ne haƙuri", mu rufe. Ni ma haka na yi wa Shaihu Umar karon farko. Sai da na sake ɗauko shi kwanan nan na gane cewa na bar mutum guda a baya cikin hamada, kuma ita ce zuciyar littafin.

Ga wanda bai san shi ba: Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta, don gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya a 1933. An buga shi a 1934, tun kafin marubucin ya zama firaministan Najeriya. Labarin na buɗewa da wani babban malami a garin Rauta, kusa da Bauci. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihinsa: an haife shi a Kagara, ya tashi maraya, an sace shi yana yaro, ya faɗa hannun masu fataucin bayi a Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗa ya ƙetara da shi Sahara, ya yi karatu, ya zama shaihi. Uwarsa kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Can suka haɗu, ba a jima ba ta rasu.

Alama ta farko da ya kamata mu tsaya a kanta tana cikin fada. Makau, mijin uwar Umar na biyu, bafade ne. An je harin kamo bayi, aka dawo, sai ƴan uwansa fadawa suka yi masa ƙazafi wai ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi daga gari. Duk mai karatu yana jin zafin zaluncin da aka yi wa Makau. To amma ku duba abin da ake gardama a kai: lissafi ne. Nawa ya kamo, nawa ya kawo. Babu wanda ya miƙe a fadar nan ya ce mutanen da aka kamo suna da iyaye da gonaki. Kuma abin da Makau ya fita ya yi wa ƴaƴan wasu, shi ne ya juyo ya sami ɗan matarsa. Marubucin bai yi wa'azi a kan wannan ba. Ya jera abubuwan biyu kusa da juna, ya bar mana aikin.

Alama ta biyu ita ce Sahara. Mutum biyu ne suka ƙetara ta, uwa da ɗa, amma kamar ba hamada ɗaya suka bi ba. Ga Umar hanya ce zuwa ilimi da daraja. Ga uwarsa baki ne mai haɗiye mutum. Rairayi ɗaya, rana ɗaya, ƙishirwa ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne sunan da aka ba kowa cikin ayari: wannan ɗa ne, waccan haja ce. Kuma kada mu manta, Abdulkarim ɗin nan mai kirki, wanda ya riƙe maraya da amana, da cinikin bayi yake ci. Ma'ana, tuwon da Umar ya ci da allon da ya yi karatu da shi, daga kasuwar da ta cinye uwarsa kuɗinsu suka fito. Wallahi wannan ya fi kowace huɗuba nauyi.

Na san abin da wasu za su ce: kana cusa wa littafi abin da babu a ciki, Balewa labarin ƙaddara da tawakkali ya rubuta. Gaskiya ne muryar Shaihu a natse take, ba ya zagi, ba ya kuka, komai ya same shi yana mayar da shi ga Allah. Ban raina wannan ba, haƙuri ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi mai labarin daban, shi littafin daban. Shaihu na magana daga kan buzunsa, bayan komai ya wuce, ya tsira. Wadda ba ta tsira ba, ba ta sami almajiran da za su tambaye ta asalinta ba. Ita ba ta zauna ta jira ba, ta tashi, ta tambaya, ta bi sawu har ƙarshen ƙarfinta. In har darasin haƙuri ne kawai, don me marubucin ya ɓata shafuka yana bin matar nan gari gari?

Abin da ya sa nake ganin mu ƴan Nijar ya kamata mu fi kowa riƙe wannan littafi, shi ne hamadar da ke ciki tamu ce, kuma ba ta daina ci ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram. A 2017 duniya ta ga hotunan da ake gwanjon baƙar fata a Libiya, ƙasar da Murzuk da Tarabulus suke.

A cikin gida ma ba mu wanke ba. Sai a 2003 dokar ƙasarmu ta mayar da bautarwa laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Hadizatu Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a kan jika 240 a matsayin wahaya, sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO. A 2008 kotun ta zauna a Yamai ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Kafin nan, mutane nawa suka ce mata ta yi haƙuri? Har yau kuma, in maganar aure ta taso a wasu gidaje, ana rage murya a tambayi asali, kowa ya san me ake nufi.

Nan ne amfanin karanta alama yake. Mutumin da ya saba tambayar littafi "wa ke magana, wa aka bari shiru, da kuɗin wa aka yi wannan alheri", zai yi wa jawabi irin wannan tambaya, zai yi wa labarin rediyo, zai yi wa tarihin gidansu. Ba sai ka yi jami'a ba kafin ka iya. Kakanninmu da ke fassara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sun riga mu sanin cewa labari na da ciki da waje.

Littafin ƙarami ne, yini guda ya isa a gama shi. Ku neme shi wajen masu sayar da littattafan Hausa, ko ku ara, ku zauna ku uku ku huɗu a fada ana shayi, ɗaya na karantawa da ƙarfi. Amma wannan karon, in Shaihu ya fara magana, ku bar ido ɗaya a kan uwarsa. Ku ƙidaya hannu nawa ta bi kafin ta sake ganin ɗanta.