KAYAN DA BA SHI DA ASALI BA YA GADIN RAI

Zuwa ga 'yan'uwa na rassan Damagaram, Mirriya, Magariya, Matamaye, Tanut da Gure. A karanta wannan takarda a taron reshe, da ƙarfi, don wanda bai iya boko ba shi ma ya ji.

Jama'a, tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma yi shekaru da yawa ana lodinsa zuwa Faransa. Dutsen ƙasarmu ya haskaka biranen Turai, mu kuwa shekara da shekaru muna jiran wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa. Da Nijeriya ta yanke wa ƙasar nan wuta a watan Agusta, a farkon rikicin 2023, kowa ya ɗanɗana duhu. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da mutane suka yi murna a watan Yuli 2025, sa'ad da aka sa hannu a Yamai kan takardar fahimtar juna da Rasha game da wutar nukiliya. Mai abu shi ya fi cancanta ya ci moriyar abinsa. Amma kafin a yi guɗa, muna da magana a kan wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba.

Makatsin wuta muke nufi, wannan da ke jikin bango kusa da mita, wanda ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa don kada waya ta kama. A gidan nukiliya akwai irinsa ɗaruruwa. Ku sani, ko an kashe tukunyar nukiliya ba ta hucewa nan take. Zafi na ci gaba da fita kwana da kwanaki, tilas injunan tura ruwa su yi ta aiki suna sanyaya ta. Makatsai su ne 'yan gadin waɗannan injuna. In makatsi ya ƙi faɗuwa lokacin da ya kamata, gobara ce. In ya faɗi ba dalili, injin ruwa ya tsaya a daidai sa'ar da rai ke rataye a kansa. Kuma akwatin a rufe yake, ido ba ya ganin cikinsa. Na jabu da na gaske kamarsu ɗaya, sai ranar masifa ake bambanta su.

Kada wani ya ce mana wannan tatsuniya ce. A 1988, a tashar Diablo Canyon ta Kalifoniya a Amurka, an gano makatsai 30 da aka sayar a kan sababbi ne, ashe tsofaffi ne aka gyara aka manna musu sunan kamfanin Square D. A watan Nuwamba na shekarar, hukumar da ke sa ido kan gidajen nukiliya na Amurka ta ba da umarni: kowane makatsi na kayan tsaro, a bi sawunsa da takarda har zuwa masana'antar da ta ƙera shi. Wanda sawunsa ya ɓace, a jarraba shi, ko a cire shi a sa wanda aka san asalinsa. A 1990 masu binciken kuɗi na majalisar ƙasar suka ce a cikin tashoshi 113, aƙalla 72 sun karɓi kayan da bai cika sharaɗi ba, ko ana zargin haka.

A Koriya ta Kudu, a 2012, an tarar da dubban ƙananan kayayyaki masu takardun shaida na ƙarya, aka rufe tukwane biyu a Yonggwang har sai da aka canza su. A 2013 aka sake kama wayoyi masu sakamakon gwaji na bogi, aka gurfanar da mutum 100 gaban shari'a. A Faransa kanta, a 2016, an bayyana cewa takardun kayayyaki wajen 400 da aka ƙera a maƙerar Le Creusot suna da maguɗi ko kuskure. Maƙerar kuwa a lokacin tana hannun Areva, kamfanin da a wancan zamani yake haƙar dutsenmu a Arlit. To, in masu injiniyoyi dubbai sun sha wannan, mu fa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma mun taɓa ganin sharrin kayan da ba a bin sawunsa. A 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD sun auna tarkacen ƙarfe da ake sayarwa a Arlit, suka same shi da gubar yuraniyom. Daga ma'adinai ya fito, ya shiga hannun talakawa, ba wanda ya rubuta inda ya bi.

Akwai masu cewa: abu yana aiki, don me za a zubar da shi a yi asarar kuɗi? Muna tambayarsu: a kasuwar dabbobi, wa ke sayen sa ba dillali, ba shaidu, don kawai ya ga sa ɗin da ƙiba? Talaka ya san dabbar da ba a san mai ita ba ta sata ce har sai an tabbatar. Me ya sa abin da ba mu yarda da shi a kan sa guda ba za mu yarda da shi a kan ran gari guda? Araha ba ta ado. Ɗan kwangilar da ya sayi tsohon makatsi ya shafa masa fenti, ya rubuta kuɗin sabo, shi zai ci riba. Mai toshi a ofis zai ci nasa. Talakan da ke kwana kusa da tashar shi zai biya.

Saboda haka ga abin da muke nema, kowane reshe ya riƙe:

1. Duk tashar da za a gina, ko wace ƙasa ce ta kawo ta, kowane kayan tsaro ya zo da takardarsa tun daga masana'anta. Wanda ba shi da ita a mayar.

2. Hukumar sa ido ta zama mai cin gashin kanta, ba ƙarƙashin mai gini ko mai sayarwa ba, da ikon rufe aiki ko ran wa zai ɓaci.

3. A koyar da 'ya'yan ƙasa aikin gwaji, a ba su ɗakin gwaji nasu. Wanda bai iya jarraba abin da aka sayar masa ba, cinikin biri a sama ya yi.

4. Mai ƙirƙira takardar shaida ya tafi gidan kaso, shi da wanda ya sa masa hannu.

5. A fara tun yau da asibitoci, da gidajen ruwa, da kasuwanni irin su Kasuwar Dole. Hannun da bai saba tambayar asalin makatsin ɗakin haihuwa ba, ba zai tambaya a gidan nukiliya ba.

Mallakar dutse rabin 'yanci ne. Sauran rabin shi ne ɗan ƙasa ya iya duban kaya ya ce da baƙo: ina takardarsa? Ku tattauna, ku aiko mana da ra'ayin reshenku. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa maƙwabcinsa.

Wassalam.