Sulhun Faskari Da Darasin Yaƙin Basasa

Kowace shekara ran 6 ga watan Yuli Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya takan yi bikin ranarta. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta aka harba harsashin farko na Yaƙin Basasa a Gakem, ta wajen Ogoja, a shekarar 1967. A 2020 kuwa, maimakon a yi bikin a Abuja ko Kaduna, sai Babban Hafsan Sojan Ƙasa na wancan lokaci, Laftana-Janar Tukur Yusuf Buratai, ya kai shi Faskari, inda aka kafa wa mayaƙa babban sansani, aka kuma ƙaddamar da farmakin da aka laƙaba wa suna Sahel Sanity.

Dalilin zuwa Faskari a fili yake. Wata guda kafin bikin, watau ran 9 ga watan Yuni, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyen Kadisau, suka kashe mutane masu yawa a yini ɗaya. Ko makonni biyu ba a yi da watsewar taron ba sai aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Shimfiɗa ta ƙasar Jibiya, waɗansu daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Ran 11 ga watan Disamba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, ba su dawo ba sai ran 17 ga watan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, soja da farar hula.

Babu mai musun jaruntakar samarin da suka shiga dazuzzukan da suka haɗa Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ƙasar Zamfara. Haka nan 'yan Rundunar Tsaron Al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan nan ne, kuma an rasa da dama a cikinsu. Abin tambaya shi ne, da wane irin zaman lafiya za a saka wa jinin da suka zubar?

A nan ne tarihin Yaƙin Basasa yake da abin koya mana. An yi wata 30 ana gwabzawa, amma da aka zo ƙarshe, ran 15 ga watan Janairu na 1970, Philip Effiong ya zo Barikin Dodan a Ikko ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a bainar jama'a. Sai da aka ajiye makamai, aka amince cewa hukuma ɗaya ce a ƙasa, sannan aka yi afuwa, aka shiga sake gina garuruwa da mayar da mutane gidajensu. Afuwar ta yi amfani ne saboda ta biyo bayan ajiye bindiga.

Sulhun da ake yi a yankinmu ya bi wata hanya daban. Gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da 'yan bindiga a 2019, amma kafin shekara ta zagayo ya fito ya ce sun ci amana. Ado Aleru, wanda 'yan sandan Jihar Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020 bayan kisan Kadisau, shi ne aka naɗa Sarkin Fulanin 'Yandoto a watan Yuli na 2022, har Gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. A watan Satumba na 2025 kuma aka gan shi a taron sulhu a ƙasar Faskari, yaransa na rataye da makamai.

Ba mu ga laifin manomin da ya nemi a zauna ba. Wanda ya yi damina biyar bai leƙa gonarsa ba ya san cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Sai dai sulhun da ɓangare ɗaya ya riƙe bindigarsa, ranar da ya ga dama zai warware shi, kamar yadda aka gani a 2020.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Katsina da su tsaya a kan sharuɗɗa uku. Na farko, a karɓi makamai a ƙidaya su a gaban sarakuna da hukumomin tsaro, a sako duk wanda ake tsare da shi a daji. Na biyu, a saurari kukan makiyayan da aka sace wa shanu ko aka kashe wa dangi ba da haƙƙi ba, a gyara burtali da mashaya, a kai makaranta da asibiti rugage. Na uku, a biya iyalan sojoji da 'yan sanda da 'yan tsaron al'umma da suka mutu haƙƙoƙinsu cikin lokaci, a kuma rubuta sunayensu da na mutanen Kadisau a wani wuri a Faskari inda 'yan makaranta za su iya karantawa.