Yaushe Ta Fara?

A kakar bara, ana tsakiyar casar masara, kawuna ya zauna a kan buhu ya dafe ƙirji. "Kai yaro, zuciyar nan sai fisge-fisge take kamar kazar da aka yanka." Na riƙe wuyan hannunsa: bugu uku a jere, sai shiru, sai biyar a guje. Mai kemis ya ce olsa ce, matarsa ta ce iska ce, aka kawo rubutu. Sai a kwana na huɗu muka je asibiti, likita kuwa abin da ya fara tambaya shi ne: "Baba, yaushe ta fara?"

Ba hira yake ja ba. Akwai ciwon da ɗakunan sama na zuciya ke daina matsawa su koma karkarwa. Idan sabon kamu ne, likita na iya daidaita bugun da magani, ko ta jijiya ko na haɗiya, irin su amiyodaron da filekainid. Wanda jininsa ya faɗi ko numfashi ya gagara, shi sai girgizar lantarki nan take. Amma in ba irin wannan gaggawa ba, an daɗe ana iyakance damar daidaita bugun da awa 48, likitocin zuciya na Turai ma sun rage ta zuwa awa 24 a 2024. Dalili? Jinin da ya kwanta a zuciya mai karkarwa yakan yi guda. Ka daidaita bugun a makare, gudan ya tashi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Wanda ya makara sai ya sha maganin tsinka jini aƙalla mako uku kafin a taɓa shi.

Wani zai ce ai karkarwar takan lafa da kanta. Gaskiya ne, wani bincike a ƙasar Holan a 2019 ya ga haka ga kusan kashi 69 cikin ɗari. To amma su can an gwada su tukuna, likita ne ya ce su jira. Jiran kawu daban ne.

Mu kuma zukatanmu da tarihinsu. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ciwon zuciya ke kama masu jego a yankin Zariya da Malumfashi, suka kuma nuna yatsa ga kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Ga hawan jini, ga yaran da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya. Filekainid da ke gyara lafiyayyar zuciya yana iya halaka mai rauni. Shi ya sa gabana ke faɗuwa, faɗuwar gaba ta gaske, in na ga ana auna ƙwayar zuciya a kemis kamar ana auna gero.

Abin da ke gano irin ciwon kawu ɗan inji ne, na ECG, wanda bai kai akwatin tafiya girma ba. Roƙona ga gwamnatin Katsina: kowane asibitin gwamnati, daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Ƙafur da Dandume, ya samu nasa da takardarsa da mai iya aiki da shi ko da ƙarfe biyun dare ne. Hoton takardar a WhatsApp ya isa likitan zuciya a asibitin Shika ya ce a yi kaza. Wa zai ɗauki mara lafiya ya hau hanyar Giwa zuwa Shika a tsakar dare a wannan zamani?

Kawu ya tsira da ɓarin jikinsa, alhamdu lillahi. Sai dai bugun bai koma daidai ba har yau, maganin tsinka jini na wafarin ya zame masa goro, kuma duk wata sai an ɗebi jininsa a gwada. Masarar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada, rabinta a kuɗin mota ta tafi.