Asirin Mai Ƙara Amana Ne a Ofishin Lauya

Duk wanda ya shiga ofishin lauya a Jimeta riƙe da takardun filinsa, ba lauya kaɗai ya danƙa wa amana ba. Takardun nan sai sun bi ta hannun akawu, da mai buga wasiƙu, da ƙaramin lauya, da masinjan da ke kai su kotu. In ɗayansu ya karkace, shari'a ta lalace tun alƙali bai zauna ba.

Tun da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, filaye suka yi daraja, rigingimu kuma suka ƙaru. Ga shi Yola da Jimeta garuruwa ne na sanayya. Mai yiwuwa ne akawun da ke tsare da fayil ya zama surukin wanda ake ƙara, ko dillalin filin da ake jayayya a kansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, sun wajabta wa lauya ya bayyana wa wanda ya ɗauke shi duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da ɗaya ɓangaren. Sun kuma ɗora masa nauyin hana ma'aikatansa tona asirin mai ƙara ko cin moriyarsa.

Abin da ya auku a Ikko ya isa darasi. A watan Yuni na 2022 wata lauya a ofishin Cif Wole Olanipekun ta rubuta wa kamfanin Saipem wasiƙa tana neman aikin da ke hannun waɗansu lauyoyi, tana tinƙaho da matsayin maigidanta a wurin alƙalai. Cif ɗin ya ce ba da saninsa aka rubuta ba. Duk da haka Olumide Akpata, shugaban Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya a lokacin, ya nemi ya janye daga shugabancin Majalisar Dattawan Lauyoyi, domin Kwamitin Ladabtarwa da zai duba maganar a ƙarƙashinta yake. Wasiƙa guda ta jefa babban ofishi cikin zargi.

Saipem na da ƙarfin kare kansa. Bazawarar da aka sayar da asirin gadon marayunta fa, ina za ta dosa?

Lalle ne kowane shugaban ofishi ya binciki alaƙar ma'aikatansa kafin ya karɓi shari'a, ya kuma kulle fayil. Ya kamata reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Yola ya sanar da jama'a, da Hausa da Fulatanci, inda ake kai kuka. Makarantar Horon Lauyoyi da ke Yola kuwa ta cusa wa ɗalibanta cewa laifin akawu na maigidansa ne.

Allah Ya ba da ikon riƙon amana.