Shayin Safe da Abin da A ke Zuba Masa

Zuwa ga Edita.  Ga maganar da na zo da ita wannan mako.

Wani akawu, saurayi mai son sanin al'amuran duniya, ya aiko mini da takarda. Ya ce ya karanta cewa a ƙasar Turai akwai masu haɗa wuski da shayi su sha da sassafe, wai yana korar sanyi, yana maganin mura, yana kuma wartsake mutum kafin ya tafi aiki. To, ga hunturu ya kama, shi ne ya ke so ya ji ko gaskiya ne, kuma ko zafin shayin ya kan kashe giyar har abin ya zama magani kurum. Ban ga laifin tambayarsa ba, gama matambayi ba ya ɓata, kuma gara ya tambaya a sarari da ya je ya gwada a ɓoye.

Bari mu fara da shi wuskin. Giya ce mai ƙarfi wadda mutanen Sikotilan da na Ailan suka shahara da yi. Na Sikotilan na asali da sha'ir a ke yinsa. A jiƙa shi ya tsira, a busar, a niƙa, a dama da ruwa, a bar shi ya yi tsami, sa'an nan a dafa a tare tururin, a sanyaya shi ya koma ruwa. Dokarsu ta ce sai ya shekara 3 a cikin gangar katako kafin a kira shi da sunan, kuma tsantsar barasar da ke cikinsa kada ta gaza kashi 40 cikin 100. Giyar kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ba, watau ke nan wuski ya ninka ta sau takwas. Sunan kuwa daga tsohon harshensu ya fito, ma'anarsa ruwan rai. Mai kaya ba ya rasa suna mai daɗi da zai sa wa kayansa.

Yadda su ke haɗin ba wani asiri ba ne. Su kan zuba wuski wajen cokalin shayi biyar, watau mililita 25, a cikin kofi, su kawo baƙin shayi mai zafi su cika, su sa zuma cokali guda, su matsa lemon tsami, wasu su jefa kanumfari biyu ko uku da ɗan ɓallin kirfa ko citta. Suna kiransa todi. To, jama'a, ku sake duba kayan nan da kyau. Zuma, lemon tsami, kanumfari, kirfa, citta. Wanne ne a cikinsu babu shi a kasuwar Kurmi, wadda ta ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa? Wanne ne kakanninmu mata ba su sani ba in yaro ya kwana da tari? Abin da na ke so in nuna ke nan: duk amfanin da a ke samu a kofin nan daga ruwan zafi da waɗannan kaya ya ke fitowa. Wuski baƙo ne da ya zo ya tarar an gama aiki, ya zauna a kan buzun mai gida, a ke ta yi masa godiya.

Shan irin wannan da asuba kuwa, inda ya fi suna shi ne cikin sojan Ingila. Suna da al'adar zuba wata giya mai suna ram, wadda a ke yi da rake, a cikin baƙin shayi, sun sa wa haɗin wani suna mai ma'anar harbin bindiga. Ran Kirsimeti da safe hafsoshi ne da kansu ke kai wa ƙananan soja har wurin kwana. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, an riƙa ba soja ram a cikin ramukan yaƙi da asuba. Kowa ya san abin da a ke nema ga mutumin da za a ce ya fito daga rami ya doshi bakin bindiga: a rage masa tsoro ne, da tunani. Akawun da zai je ya yi lissafin kuɗin jama'a, ko malamin da zai tsaya gaban yara sittin, ina ruwansa da abin rage tunani? Su ma Ingilishin, sojan ruwansu sun daina rabon ram na kullum ran 31 ga Yuli, 1970, domin sun ga bai dace da mutanen da ke sarrafa injuna masu haɗari ba.

Yanzu sai maganar sanyi, wadda ita ce ta fi ruɗin mutane, domin a nan jikin mutum da kansa ne ke yi masa shaidar zur. Idan barasa ta shiga jini ta kan buɗe ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, jini mai ɗumi ya baro ciki ya taso waje. Sai mutum ya ji fuskarsa da hannuwansa sun yi zafi, ya ce lalle sanyi ya gudu. Alhali kuwa ɗumin cikinsa ne ya fito fili, iska tana kwashewa. Kamar mutum ne ya hura gawayi a ɗaki, sa'an nan ya yaye asabari ya tsaya a bakin ƙofa, yana jin ɗumi na wucewa ta jikinsa yana murna. Shi ya sa a ƙasashen ƙanƙara a kan tsinci mashaya sun sandare a bakin hanya. Mu nan Kano, sanyin Disamba da Janairu da asuba ya kan sauka wajen digiri 13 a ma'auni. Wannan ai bargo da rigar sanyi da koko mai zafi sun ishe shi.

Maganar wartsakewa ta fi wannan haɗari. A cikin ganyen shayi akwai wani sinadari, kafeyin, shi ne kuma ke cikin goro da gahawa. Aikinsa shi ne ya tare saƙon gajiya kada ya isa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji idonsa ya buɗe. Barasa kuwa aikinta dankwafe ƙwaƙwalwa. Mai haɗa su yana zaton ɗaya zai kashe ɗaya a tashi babu ci. Ba haka abin ya ke ba. Shayin ya kan ɓoye barcin da giya ke kawowa ne kawai, amma ba ya rage ko ɗigo ɗaya na barasar da ke yawo cikin jini. Hanta ce ke yin mafi yawan wannan aiki, ita kuwa ba a gaggauta ta: cokali biyar ɗin nan na wuski sai ta yi kamar awa guda tana fama da shi. In aka sha shi cikin ciki wayam, kamar yadda ciki ya ke da asuba, ya fi saurin shiga jini. Abin da a ke samu a ƙarshe shi ne bugagge mai ido biyu, wanda hannunsa ya yi nauyi, hukuncinsa ya karkace, amma yana rantsuwa garau ya ke. Bugaggen da barci ya kayar ya fi shi dama, gama shi ba zai hau babur ya ratsa ta Ƙofar Mata lokacin da yara ke tafiya makaranta ba. Saboda wannan dalili ne a Nuwamba 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da giya haɗe da kafeyin a gwangwani, har suka janye haɗin.

Batun cewa zafi na kashe ta, wannan ma an auna. A Amurka an gwada zuba giya cikin ruwan da ke tafasa a sauke nan take, aka tarar wajen kashi 85 cikin 100 na barasar yana nan daram. Balle kofin shayi da ya riga ya bar wuta. Mura kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana kwana bakwai zuwa goma ta wuce, ko an sha wuski ko ba a sha ba.

Likitoci suna da wata ma'auna da ya kamata akawunmu ya ji. A 1984 wani likitan Amurka, John Ewing, ya buga tambayoyi huɗu da a ke yi wa mutum don a gane ko giya ta kama shi. Ta huɗun ita ce ko ya taɓa bukatar ya sha da sassafe kafin jikinsa ya daidaita. Watau abin da aka yi wa ado da zuma da lemo aka kira shi karin kumallo, shi ne likita ke ɗauka alamar ciwo.

Ga malamai ba sai na tsawaita ba, sun fi ni sani. Suratul Ma'ida ta yanke magana, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da mai yawansa ke bugarwa, ɗan kaɗan ɗinsa ma haramun ne, haddinsa bulala 80. Sauya masa kofi ba ya sauya masa hukunci. Ko Turawan mulki da suka ci Kano a 1903 ba su yarda a sayar wa 'yan ƙasar Arewa giyar Turai ba, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1890 a babban birnin Beljiyam. Su dai suna shan abinsu a kulob ɗinsu can bayan ganuwa, daga baya kuma Sabon Gari ta zama wurin baƙi da shagunansu. A shekarar 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a, a 2003 aka yi dokar Hukumar Hisba.

To, da maganar ta tsaya ga wuski, da sai in ce akawu ya kwantar da hankalinsa, in ajiye alƙalami. Kwalbarsa tsada gare ta, kuma babu mai shayin da zai ajiye ta a kan tebur a Mandawari ko Yakasai ya kwana lafiya. Amma abin da ke damuna shi ne, kwalbar ce kaɗai ba ta shigo birni ba, dabarar kuwa ta daɗe da shigowa. Dabarar ita ce a ɗauki shayi, abin sha mai mutunci wanda ba a jin kunyar riƙe kofinsa gaban suruki, a mai da shi mayafin wani abu. Kowa a Kano ya san gadagi, wanda a ke dafawa da saiwoyi da ganyaye a sayar wa 'yan dako da direbobi da leburori, wai don su yi aikin mutum biyu ba su gaji ba. Mai sha bai san abin da ke cikin tukunyar ba, bai san awonsa ba. Akwai kuma samarin da su da kansu ke jefa ƙwayar tiramadol a kofi su motsa. Maganin tari mai kodin ya yi ɓarnar da sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a Mayu 2018. Ƙidayar da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Dukansu rance ɗaya su ke ci irin na mai wuski: a karɓi ƙarfin gobe a kashe yau, gajiyar tana nan tana jira da ruwanta. Sai dai shi mai wuski ya san kashi 40 ne, an rubuta masa a jikin kwalba. Namu ko wannan bai samu ba.

Shayi kuwa bai cancanci wannan wulaƙanci a garin nan ba. Sunansa daga Larabci muka aro shi, kuma fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas, waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa tun lokacin da kalmar Bature ke nufin Balarabe, suna kawo shi da sukari a bayan raƙuma ta hamada. Buzaye har yau suna dafa koren ganye a 'yar buta kan gawayi, su sha zagaye uku ba gaggawa. Baƙin ganye na kanti ya yawaita ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Abin dariya, shi Thomas Lipton da sunansa ya zama kamar sunan ganyen shayi a bakinmu, mutumin Sikotilan ne, ƙasar wuski, ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon a 1890. Cikin kayan ƙasarsa biyu mun zaɓi wanda ya fi. Yanzu ma a tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noma namu.

Wanda ke son abin da todi ke yi, ga yadda na ke so a dafa. A daka citta kamar girman ɗan yatsa, a haɗa da kanumfari uku ko huɗu, da ɗan ɓallin kirfa, da masoro kaɗan in ana son yaji. A zuba cikin ruwa kofi biyu a bar shi ya tafasa minti biyar. A sauke, sa'an nan a sa ganyen shayi a rufe minti uku zuwa huɗu, kada a bar shi kan wuta yana ta zaɓarɓaka, gama nan ne ɗaci ke fitowa. A tace, a sa zuma, a matsa rabin lemon tsami. Mai son na'ana'a ya jefa daga ƙarshe. Madara ba ta shiga wannan, lemo zai tsinke ta. Ni dai ban ma yarda da abin da wasu masu shayi ke yi ba, su loda madara da Bournvita da sukari cokali huɗu har a rasa inda ganyen ya shiga. Wannan kunu ne, ya kamata a kira shi da sunansa. Jariri da bai shekara ba kada a ba shi zuma. Kuma a bar kofin ya ɗan huce, gama a 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon daji a maƙoshi. Masu shayinmu da ke ɗaga kofi sama suna shelo shi cikin wani kofin sau uku ko huɗu kafin su miƙa, ashe ba ado kawai su ke yi ba.

Haza wasalam.

Naku,
Mai Tsokaci, Birnin Kano.