Kile guda mai kwance kowane bulon: a saya ko a bar ma mai shi kayanshi?



Kwanakin nan da wuya mutum ya buɗe Facebook ko TikTok bai ci karo da bidiyon nan ba: hannu mai tsabta, duyi mai sheƙi kamar azurfa, a ɗora shi kan ƙaramin bulon ya kwance, a ɗora kan babba ya kwance, a ɗora kan ƙugiya ita ma ta juya. Sai mai talla ya ce ka zubar da akwatin kilenka duka, guda ɗaya ya ishe ka. Abin ya fara shigowa teburan masu sayar da kayan aiki, kuma waɗanda suka fi kwaɗayinshi su ne yaran garaji da ƴan kabu-kabu, wato mutanen da jika guda ba ƙaramin abu ba ce a wurinsu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ce wani abu.

Ra'ayinmu a taƙaice: in aikin kanikanci za ka yi, na mota ko na moto ko na injin ban ruwa, kar ka saka kuɗinka a ciki. In kuwa na ajiya ne a gida don ƙananan gyare-gyare, ba haramun ba ne. Amma bari mu faɗi dalili, don kar a ce mun tsani sabon abu.

Shi wannan duyi, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma soket, ba sabon abu ba ne. Asalinshi daga Amurka, inda aka fi shekara ashirin ana tallarshi a talabijin da sunan Gator Grip. Waɗanda ke iso mu yanzu yawancinsu kwaikwayo ne daga Sin. In ka leƙa bakinshi za ka ga ƴan sandunan ƙarfe siri-siri cunkushe kamar tsinken ashana a kwali, a kan rubuta guda 54 ne, kowane da ɗan resor a ƙarƙashinshi. In ka danna shi a kan bulon, sandunan da suka hau kai sai su nutse ciki, waɗanda suka rage a gefe su kewaye kan su riƙe shi. A jikin kwalin an rubuta yana kama daga milimita 7 zuwa 19. Dabara ce mai kyau, wanda ya ƙirƙiro ta yana da kai. Matsalar ita ce irin ƙarfin da aikin garaji ke nema.

Duyi na gaskiya, mai kusurwa shida, ƙarfe ne dunƙule guda wanda aka yanka daidai da kan bulon. In ka ja, gefe shida ne ke ɗaukar nauyin tare. Shi kuwa mai sanduna, ƙarfin hannunka sai ya bi ta bangon duyin, ya bi ta sanduna masu mulmulallen jiki, sannan ya isa ga bulon, kuma a ƴan ɗigo-ɗigo kawai yake taɓa shi. In bulon ɗin sabo ne, ba a matse shi sosai ba, zai juya, irin wanda ake nuna mana a bidiyo ke nan. In ya yi tsatsa, ko ya shekara yana shan zafin inji, abu biyu ne ke faruwa: ko sandunan su lanƙwashe, ko su zame su cinye kusurwar bulon ya koma mulmulalle kamar kan kwalba. Na farko asarar duyi ce, wannan da sauƙi. Na biyun ne bala'in.

Duk wanda ya taɓa zama a garaji ya san abin da ake nufi in an ce kan bulon ya cinye. Aikin minti biyar ya koma na wuni. A nemo kurfi da guduma a yi ta sara, in bai yi ba a tura yaro ya kira mai walda ya liƙa wani ekuru a kai, in a jikin alminiyon ne kamar kilas ko kartar moto, zuciyar kowa na dukan uku-uku kar zafi ko sara ya fasa wurin. Mai mota yana zaune a benci yana duba agogo, fasinjojinshi sun hau wata. Kuma a ƙarshe ba duyin za a zaga ba, sunan mai garajin ne zai ɓaci. A garin da kowa ya san kowa, kanikancin da aka ce "yana ɓata bulon" ya daɗe bai farfaɗo ba.

To mu bar zancen ƙarfi, mu zo ga abin da ya fi ba mu dariya. An ce yana kwance kome, ko? Motar da ta cika hanyoyinmu ita ce Toyota, daga Hiace ɗin da ke jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram har Hilux da Corolla. Ekurun tayarsu lamba 21 ne. Duyin ya tsaya a 19. Ke nan in tayarka ta fashe tsakanin Tasawa da Takeita, wannan abin da ka saka a akwatin mota kana jin ka gama shiri, ko shiga ba zai yi ba. Akwai wani babba da ke kaiwa har 32, gaskiya ne, amma sai ka sake sayen shi daban, ka ga zancen "guda ɗaya ya isa" ya riga ya rushe. Kuma ko ya shiga, ekurun tayar Corolla ana ɗaure shi da ƙarfin da ya kai niyutan-mita 103 bisa ƙa'idar masu ƙera ta, balle a nan inda mai faci ke zura tiyo a hannun kile ya hau da ƙafa biyu. Wace sanda mai kaurin tsinke za ta jure wannan?

Buji ma haka. Buji yana da dogon wuya na tangaran, kuma yana zaune cikin rami, dole sai duyi mai zurfi wanda cikinshi fanko ne. Shi wannan cikinshi cike yake da sanduna, ba su nutsewa sai ɗan kaɗan. Mai lambun albasa a Galmi ko mai ban ruwa a Gulbin Maraɗi, abin da ya fi yawan kwancewa a jikin injin ruwanshi ai buji ne, ya goge ya mayar. To ga shi nan, ba ya yi. Haka duk inda bulon ya leƙo da tsawo ta saman ekuru, duyin sai ya tokare tun bai kai ga ekurun ba.

Sannan ga kauri. Tunda an yi shi ya haɗiye har 19, jikinshi dole ya yi faɗi ko da ƙaramin bulon za ka kwance, ya kusa ninka duyin lamba 10 sau biyu. Kile dis kuwa, kamar yadda yaran garaji ke kiranshi, shi ne sarkin aiki: kan batir, murfin inji, robobin jikin moto, duk shi ne. Kuma yawancin wuraren da yake aiki lunguna ne matsattsu inda ko yatsa da ƙyar ke shiga. Mai ƙiba ba ya bin wannan hanya.

Akwai kuma abin da mai tallar can ƙasar waje bai san da shi ba, wato ƙurarmu. Garejinmu ba ɗaki ne mai siminti da ƙofar gilashi ba, inuwar bedi ce ko rumfar kwano, kayan aiki a ƙasa kan buhu. Duyi na gaskiya in ya faɗa rairayi sai ka kaɗe shi a wando ka ci gaba. Shi wannan, resor hamsin da wani abu ne a ciki, in baƙin mai ya haɗu da yashi ya shiga tsakaninsu, sandunan sai su maƙale, wasu a ciki wasu a waje. Lokacin hunturu ɗaya ya isa. Ana iya wanke shi da esansi a ɗiga mishi mai, amma wane yaron garaji ke da lokacin yi ma kile wanka?

Ba mu ce ba shi da amfani sam ba, adalci ya sa mu faɗi inda yake burgewa. Ƙugiya mai zare da ake murɗawa a katako, ekuru mai fukafukai, kai mai kusurwa huɗu irin na tsofaffin kaya, duk waɗannan duyi na yau da kullum ba ya kama su, shi kuwa yana kamawa, kuma in aka haɗa shi da injin huda aikin na sauri. Mai haɗa gado ko tebur, mai kafa eriya, malamin lakkol da ke son ɗan matse kujera a gida, waɗannan za su ji daɗinshi. Ana kuma cewa yana kama bulon da kanshi ya riga ya ɗan cinye. Wani lokacin yana yi, in dai ba a matse yake ba. Amma bulon da ya cinye ai don ya ƙi kwantuwa ne ya cinye tun farko, to ka ga inda maganar ta tsaya.

Inda muke son a fi kula shi ne wajen yaran da ake yayewa daga garaji. Yaro ya yi shekara huɗu ko biyar yana wanke kayan inji, ranar da maigidanshi ya sallame shi, uba ko kawu ko yaya ya tattara ɗan abin da ya samu don ya saya mishi kayan fara aiki. Mai sayen sau da yawa ba bakanike ba ne, sai ya shiga kasuwa, a nuna mishi abu guda mai sheƙi a ce ya maye gurbin goma sha uku, ya ga ai ya yi dabara. Baba, don Allah kar ka yi haka. Ka tafi da yaron, ko ka tambayi maigidanshi. Lissafin ma ba kamar yadda mai talla ke yi ba ne, don ba kowace lamba tsakanin 7 da 19 ce ake buƙata ba. Injinan Japan da motocin Sin da aka kwaikwaya daga gare su kusan duk a kan lamba shida suke yawo: 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Bulon bidanjin yawancin ƙananan Toyota 14 ne. In yaron zai taɓa motocin Faransa irin su Peugeot, a ƙara 13. A ƙara 21 don taya, da kilen buji, da hannu mai kilike guda mai kyau. Ga jarin farawa nan, kuma ana iya sayenshi ɗaya-ɗaya, yau biyu, wata mai zuwa biyu.

Kuma ba dole sai sabo ba. A Katako ta Yamai, da Kasuwar Dole ta Damagaram, da wajen masu tsofaffin ƙarafa a kowane babban gari, ana tsintar tsohon duyi na Turai da ya yi shekaru yana aiki kuma zai ƙara wasu. A duba cikin bakinshi, kusurwowin su kasance da kaifi, babu tsagewa a gefe. Mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe bulon mai taurin kai. Rubutun Cr-V da ake bugawa a jiki yana nufin irin ƙarfen da ya dace, sai dai masu jabu ma sun iya rubutu, don haka nauyinshi a hannu da tsabtar yankanshi sun fi rubutun gaya maka gaskiya. Wanda zai yi aiki da bindigar iska kuwa, baƙaƙen duyi masu kauri ne nata, mai sheƙi yana iya tarwatsewa a fuskar mutum, balle mai sanduna.

Za a ce mana ai duyi ɗaya-ɗaya ɓacewa suke, musamman dis, wanda kowane garaji a ƙasar nan ke nemanshi kullum kamar kuɗin cefane. Wannan gaskiya ne, ba mu da ja. Amma in dis ya ɓace, dis kaɗai za ka sake saye, sauran na nan. In mai sanduna ya ɓace ko sandunanshi biyu suka lanƙwashe, duk akwatinka ne ya tafi lokaci guda, ga moton mutane a buɗe a gabanka.

Ga ƴan uwa masu sayar da shi, ba mu da faɗa da ku, kasuwa ce kowa na neman halalinshi. Abin da muke roƙo ɗaya ne: in mutum ya zo ya ce na garaji yake so, ku gaya mishi na gida ne, ku nuna mishi na gaskiyan da ke gefen teburinku. Makanikai da ke cikinmu kuma, waɗanda suka riga suka gwada shi, muna son jin a kan wane bulon ya yi muku aiki, a kan wane kuma ya watsa muku ƙasa a ido.