Wai Murhunmu Ne Ya Kawo Hamada?

Rannan ina tsakiyar tuƙin tuwo na ji wani mutum a rediyo yana cewa wai mu matan gida ne muke jawo hamada da canjin yanayi, saboda muna girki da itace. Wallahi sai da na ajiye muciya. Haba malam!

Ban musa ba, damina ta canja. A da kakata da ta ga gawo ya fara zubar da ganye sai ta ce a fito da iri. Yanzu ruwan sai ya yi latti, in ya zo kuma ya zo da fushi. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, mutanen Jigawa sun sha wuya ba kaɗan ba. To amma wa ya jawo? Hayaƙin fetur da gas da kwal shi ke ɗumama duniya, kuma Afirka kaf ɗinta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100. Manyan masu hayaƙin su ne Sin da Amurka da Turai. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don taimakon irinmu, 2020 ta zo ta wuce ba su cika ba.

Nan gida ma fa? A Neja Delta ana ƙona gas a iska dare da rana, alhali doka ta hana tun 1984, ni kuwa kafin na cika tukunyar gas sai na rage kuɗin cefane. Da me kake so in dafa, malam? Da yawuna?

Kuma ku lura, mace busasshe take tsinta, da kara da kirare. Mai loda tirela da gawayi ba mace ba ce.

Talaka ya san darajar bishiya. A wajen Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohonsa suna gyarawa, har bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo. Ba dashe, ba biki, ba ɗan jarida. Amma in za a yi taron ceton muhalli sai a shiga otel mai sanyi a rufe ƙofa, ba mai kiran manomi balle matarsa.

Ina cikin wannan sababi ni kaɗai, sai na ji ƙauri. Tuwon nawa ya kama.